Tambaya da Amsa: Maganin da ake busarwa da sanyi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, domin duk da cewa masu su ba su san juna ba, rijiya ɗaya suka zo ɗiba. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, sai a yi haƙuri da ni.

Tambaya ta farko, daga wata ɗalibar haɗa magunguna a Zariya:

"Malam, an koya mana wata hanya ta mayar da ruwan magani gari, wai a fesa shi, a daskarar da shi, sannan a busar. Na haddace don jarrabawa, amma gaskiya ban gane ba. Ta yaya abu zai bushe alhali yana ƙanƙara? Kuma tunda akwai busarwa da iska mai zafi irin ta madarar gari, akwai kuma busarwa ta daskarewa a cikin kwalba, me ya kawo wahalar haɗa biyun?"

'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Ki ajiye littafin tukuna, ki je ki buɗe akwatin kayan mahaifiyarki. Kafur ɗin da aka jefa ciki bara za ki tarar ya ƙanƙance, wani ma ya ɓace ɗungurungum, amma ba za ki ga ɗigon ruwa ko ɗaya a jikin atamfa ba. Daga ƙullutu ya zarce ya zama iska, bai bi ta narkewa ba. Ƙanƙara ma tana da wannan halin, sai dai ba ta nuna shi sosai sai an ɗauke mata nauyin iskar da ke danne da ita. Iskar da muke yawo a cikinta tana da nauyin miliba 1013 a bakin teku, miliba kuwa ma'aunin dannin iska ne. Idan aka rufe ƙanƙara a akwatin ƙarfe aka zuƙe iskar har ta yi ƙasa da miliba 6, ruwa ba ya iya zama a matsayin ruwa. Ko ya tsaya ƙanƙara, ko ya tashi tururi. A wurin aiki ma ba a tsayawa a 6 ɗin, ana sauka ƙasa da miliba ɗaya. Sai a ɗan ɗumama farantin da kayan ke kai, kaɗan-kaɗan, ƙanƙarar ta riƙa tashi, tururin ya je ya manne a jikin wani bututu da aka sanyaya fiye da kayan. Amsar rabin tambayarki ke nan.

Me ya sa ake gudun zafi? Ki fasa ƙwai a kasko. Da zafi ya haura digiri 60 farin ƙwan zai fara kamewa, kuma duk sanyin da kika saka shi daga baya ba zai koma yadda yake ba. Furotin ne ya warware daga naɗinsa. Magunguna da yawa na zamani furotin ne, irin su insulin, haka ma sinadaran da ke cikin alluran rigakafi. Aikinsu yana cikin naɗin nan, idan ya warware sai dai a zubar.

Busarwa da iska mai zafi tsohuwar dabara ce, tun 1872 wani mai suna Samuel Percy ya yi mata rajista a Amurka. Ana fesa ruwan a cikin dogon rumbun ƙarfe, iska mai zafin digiri 150 zuwa 200 ta tarbe shi, kafin ya kai ƙasa ya zama gari. Kada ki ɗauka komai take kashewa. Muddin ɗigon yana da ruwa, fitar tururin tana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwanta. Sai ya kusa bushewa zafin ke kama shi. Kuma yana bushewa yana tsukewa, ya yi ɓawo a waje, wani lokaci ya yamutse kamar busasshen dabino.

Ita kuwa busarwar kwalba, wadda ta bunƙasa lokacin yaƙin duniya na biyu wajen adana ruwan jini da fenisilin, ba ruwanta da zafi, amma tana da nata ciwon. Ruwan cikin kwalba yana daskarewa a hankali, ƙanƙarar ta yi manyan ƙwayoyi, ta riƙa ture maganin da gishirin da ke ciki zuwa ɗan ragowar ruwan da bai daskare ba, su cunkushe wuri ɗaya. Aikin yana cin kwanaki. A ƙarshe kuma abin da za ki samu dunƙule ne a gindin kwalba kamar ƙaramar waina. Idan gari kike so sai kin niƙa, niƙa kuwa yana haifar da zafi, ya kuma ba ki gutsattsari marasa siffa, wannan babba wancan ƙarami.

To a nan ne haɗin ya shigo. Daga feshi aka aro siffa, daga daskarewa aka aro sanyi.

Bari in ba ki labarin ranar da na fara ganin abin da idona, lokacin da na je ƙaro karatu a ƙasar waje. Kayan aikin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: kwanon ƙarfe, bakin feshi a rataye a samansa, da ɗan famfo mai turo ruwan magani ta siririyar roba. Aka tuttula ruwan naitirojin a kwanon, wanda sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifiri. Nan take ya fara tafasa, farin hazo ya cika kwanon, ya gangaro ta gefen teburi ya sauka kan takalmanmu. Da aka kunna feshin sai na ji wata ƙara, cuuu, kamar an saka ƙosai a mai. Kowane ɗigo, wanda wani bai kai kaurin gashin kai ba, kan ka ƙifta ido ya zama ƙanƙara. Da naitirojin ɗin ya ragu, sai ga wani farin abu kwance a gindin kwano kamar tsakin shinkafa. Da gudu aka kai shi injin busarwa, wanda tun da farko aka sanyaya farantansa, domin idan ya narke a hanya ko na ɗan lokaci ne, aikin ya tashi a banza.

Washegari muka buɗe. Garin da muka kwaso ba shi da nauyi ko kaɗan, numfashin mutum kawai yana tayar da shi, dole ka kau da fuska in za ka yi magana. Da muka duba shi a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai na ga kowace ƙwaya a mulmule, girmanta daidai da ɗigon da ya haife ta, jikinta duk ƙofofi kamar soson wanka. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ƙofofin nan gurbin ƙanƙara ne. Ita ta riƙe ginin lokacin da ake busarwa, ta hana shi tsukewa, da ta tashi sai ta bar ɗakunanta a buɗe. Idan kin riƙe wannan, kin riƙe darasin gaba ɗaya, domin duk amfanin hanyar daga ƙofofin nan yake fitowa, haka ma rabin matsalarta.

Amfani na farko, narkewa. Ruwa yana samun hanyar shiga ta ko'ina, don haka garin yana narkewa kusan nan take, har magungunan da aka sani da taurin narkewa sukan yi sauƙi. Na biyu, kuma shi ne ya fi jan hankalin masu bincike, shi ne maganin shaƙa. Kafin ƙwayar garin magani ta isa can cikin huhu, sai ta yi tafiya a iska kamar mai girman maikiron 1 zuwa 5, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wadda ta fi haka a maƙogwaro take maƙalewa. Matsalar ita ce gari mai laushi haka yana manne wa juna, ya ƙi tashi daga abin shaƙar. Ki tuna mata a wurin shiƙa: tsaba ta faɗo cikin ƙwarya, ƙaiƙayi ya bi iska, alhali wani ƙaiƙayin ya fi tsabar faɗi. Iska ba girma kaɗai take dubawa ba, har da nauyi. Ƙwaya mai maikiron 10 wadda nauyinta kashi ɗaya ne cikin goma na nauyin ruwa, a iska tafiyar mai maikiron 3 take yi. Ga ta babba ba ta dunƙulewa, ga ta kuma sakayau tana kaiwa inda ake so.

Sai dai kada ki rubuta a jarrabawa cewa hanyar ba ta cutar da magani don babu zafi. Tana cutarwa, ta wata ƙofar. Bakin feshi yana yaga ruwan da ƙarfi. Idan aka mayar da cokali ɗaya na ruwa miliyoyin ɗigo, fuskar da ke haɗuwa da iska ta ninku, furotin kuwa yana son zuwa ya kwanta a wannan fuskar ya warware. Shi ya sa ake ɗan ɗiga wani sinadari dangin sabulu, folisobet, ya riga shi kama wurin. Sannan cire ruwan kansa duka ne, domin ruwa yana cikin abin da ke riƙe da naɗin furotin. A nan ake kawo sukari, ko sukarin rake da muka sani ko wani da ake kira tirihalos, ya maye gurbin ruwan, ya kuma sandare kamar gilashi ya rungume maganin.

Tirihalos ɗin nan yana da labarin da ya shafe mu, kuma ba na gajiya da ba ɗalibaina shi. A kan duwatsun arewacin Nijeriya akwai ƙananan kwarmi da ruwan sama ke taruwa. A cikinsu wata 'yar tsutsa take rayuwa, ta wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Masana na kiransa Polypedilum vanderplanki, wani masanin ƙwari na Ingila, H. E. Hinton, shi ya bayyana shi a 1951. Idan rani ya yi kwarmin ya ƙafe, tsutsar takan cika jikinta da tirihalos har kusan kashi 20 cikin ɗari na busasshen nauyinta, ta bushe ƙarmas kamar ɓawon hatsi, rana ta yi ta dukan dutsen wata da watanni. Da ruwan farko ya sauka, cikin kamar awa ɗaya ta kumbura ta ci gaba da motsi. An taɓa ajiye wasu shekara 17 a bushe, aka jiƙa su suka farfaɗo. Masu bincike a Japan sun shafe shekaru suna nazarinta. Abin da muke wahalar yi da injin miliyoyi, Allah ya hore wa wannan 'yar halitta a kan dutsen da yaranmu ke kiwo.

Rabin matsalar da na ce ƙofofi ke kawowa kuwa, ni ma sai da na ɗanɗana. Wata rana da damshi a gari na buɗe kwalbar garin da muka yi kwana biyu muna haɗawa, na tsaya rubuta lamba. Kafin in juyo ya fara kwantawa, ya yi danƙo kamar alewar da ta kwana a aljihu. Ƙofar da ke shigar da ruwa lokacin da kike so, ita ke shigar da shi lokacin da ba ki so.

Tambaya ta biyu, daga wani ma'aikacin lafiya a wani ƙauye na jihar Jigawa:

"Ranka ya daɗe, mu da ke yawon rigakafi babbar damuwarmu sanyi ce. Wuta babu, ƙanƙarar akwati ta narke kafin azahar. Na ga allurar ƙyanda gari ce muke damawa. Shin da wannan sabuwar hanyar aka yi ta? Kuma yaushe za mu rabu da firiji?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na san abin da ake nufi da goya akwatin sanyi a bayan babur cikin watan Afrilu. Allurar ƙyanda, da ta tarin fuka da ake yi wa jarirai, da ta shawara, duk busassu ne, amma ta tsohuwar hanyar kwalba. In ka duba da kyau kafin ka zuba ruwan damawa za ka ga dunƙule ne a gindi.

Cewa busarwa tana iya ceton rigakafi daga zafi ba zato ba ne, an gani. A shekarun 1950 Leslie Collier na Cibiyar Lister a Ingila ya gyara hanyar busar da rigakafin agana, har ya zama yana jure wata guda a zafin digiri 37. Da irinsa aka bi ƙauyukan Afirka ta Yamma, aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da kawar da cutar a 1980. Dattawanmu masu zanen agana a fuska su ne shaida kan abin da aka rabu da shi. Na kusa kuma shi ne MenAfriVac, busasshen rigakafin sanƙarau da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Nijeriya ta bi a 2011. A 2012 aka amince a riƙe shi har kwana huɗu ba sanyi muddin zafi bai wuce digiri 40 ba, aka fara gwada hakan a Jamhuriyar Benin.

Amma ka lura, kwana huɗu aka ce, kuma sai da aka gwada shi shi kaɗai aka ba da izinin. Bushewa ba ta zama lasisin fita daga firiji. Ta ƙyanda, duk da gari ce, wurinta digiri 2 zuwa 8, kuma da ka dama ta awa shida gare ta, ko ƙarshen zaman rigakafin in ya riga zuwa, sai zubarwa. Ina roƙonka kada wani labarin sabuwar fasaha ya sa ka sassauta wannan, ko ka daina duba tambarin kan kwalba mai yin duhu idan zafi ya taɓa ta.

Inda feshi da daskarewa ke da alƙawari shi ne wurin alluran da sanyi ke lalatawa. Ka san penta, mai kare jarirai daga cututtuka biyar, da ta tetanus ba a bari su daskare, har akwai gwajin girgizawa da kuke yi idan kun yi zargi. Dalili shi ne akwai sinadarin alminiyam a cikinsu mai ƙara musu ƙarfi, daskarewa a hankali kuwa tana sa shi curewa. Gwaje-gwaje sun nuna daskarewar farat ɗaya irin ta feshi tana rage curewar sosai, saboda ƙanƙarar ba ta samun lokacin girma ta matse shi. Ana kuma binciken rigakafin gari da za a shaƙa ta hanci, ba allura ba ruwan damawa. Wannan ne abin da nake fata in gani da raina.

Abin da ya riƙe shi a ɗakin bincike shi ne tsabta da tsada. Kwalba a rufe take tun daga injin. Gari kuwa sai an fesa, an kwaso, an busar, an auna an zuba, kuma a duk matakan nan ba a yarda ƙwayar cuta ɗaya ta shiga ba. An taɓa kai wani magani kasuwa da dabarar feshi cikin naitirojin, Nutropin Depot na kamfanonin Genentech da Alkermes, na yara masu matsalar girma. Amurka ta amince da shi a 1999, a 2004 kamfanonin suka daina yin sa saboda ɗawainiyar sarrafa shi. Yanzu akwai injinan da ake ƙerawa masu yin komai a rufe, daga hasumiyar daskarewa ɗigon ya gangara kai tsaye cikin gangar busarwa. Ka ci gaba da lallaɓa akwatinka, rabuwa da shi ba bana ba ce.

Tambaya ta uku, daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi:

"Malam, ina sana'ar nono da garin zogale da busasshen tumatir. Ɗana ya nuna mini bidiyon wannan injin a waya, ya ce kayan ba sa canza launi ko ƙamshi. In sayar da fili in saya?"

Hajiya, ina gaisuwa. Kada ki sayar da filinki. Gaskiyar ɗanki, launi da ƙamshi suna tsayawa, shi ya sa garin kofi na gwangwani da aka busar ta daskarewa ya fi na iska mai zafi tsada. Amma ki dubi lissafin. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya tashi tururi yana shan ƙarfin wuta kusan kilojul 2,800, ban da wanda aka kashe wajen daskarar da shi, ban da na injin zuƙe iska da na sanyaya bututu, waɗanda ba a kashe su dare da rana har a gama. Wuta ta ɗauke a tsakiya, kayan su narke, asara ta tabbata. Nono kuwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, tumatir ya haura 90. Maganin da ake sayar da giram ɗinsa da tsadar zinariya zai iya biyan wannan kuɗin, kwanon tumatir ba zai iya ba. Ga kuma naitirojin, wanda sai an saya a kai a kai, kuma yana da haɗari: lita ɗaya tana zama iska kusan lita 700, ba wari ba launi, a rufaffen ɗaki ta kore iskar numfashi mutum ya faɗi bai san abin da ya same shi ba.

Wuri ɗaya da abin ya taɓa sana'arki shi ne irin nono. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara kindirmo zafi yana kashe su, don haka kamfanonin da ke sayar da su a 'yan fakiti sukan busar da su ta daskarewa. Wannan saye za ki yi, ki ajiye a sanyi, ba sai kin mallaki injin ba.

Zogale kuma inuwa yake so da iska mai wucewa, rana kai tsaye ita ke cinye korensa. Ki shanya shi shafal-shafal a kan raga, a ɗage daga ƙasa, a ɗaki mai tagogi da aka sa wa wayar sauro. Tumatir ki yanka shi da kauri ɗaya, ki ɗauke shi daga ƙasa ki ɗora a akwatin shanya mai rufin leda ko gilashi, wanda kafinta zai iya haɗa miki. Lokacin hunturu iskarku ta Maraɗi a bushe take ƙarmas, za ta yi miki aikin kyauta. Da ya bushe ki ɗure shi a abin da iska ba ta shiga tun kafin raɓar asuba ta sauka.